Ranar da Likita Ya Ce Allura, Kada Ka Gudu

Ɗana, akwai wata magana da ke yawo a unguwar nan tamu ta Tirkaniya. Ana yin ta a teburin mai shayi, ana yin ta a zaman makoki, na kuma tabbata ta taɓa shiga kunnenka. Wani zai ce, "Ai tun ranar da aka ɗora wane a kan allurar suga na san tafiya ta zo." Na kusa da shi ya karɓe, "Allurar nan in ka fara ta shi ke nan, sai kabari." Kowa a wurin yana da wanda zai kafa hujja da shi, ko kawunsa, ko surukarsa, ko maƙwabcinsa. Maganar nan ta makantar da mutane, ta raba wasu da ƙafa, ta kai wasu layin wankin ƙoda. Don haka ka ba ni aron kunnenka, ko kai ne mai ciwon suga, ko mahaifinka, ko mahaifiyarka, ko uwargidanka.

Gaskiya ne an ga mutanen da suka rasu ba da jimawa ba bayan an fara yi musu allurar insulin. Amma ka tambayi iyalansu yaushe likita ya fara ambatar allurar. Za ka tarar an yi shekaru. Mutumin ya ƙi, ya canza asibiti, ya koma kemis yana sayen ƙwayar da aka rubuta masa tun farko, yana haɗawa da jiƙo. Sai ranar da aka ɗauko shi ranga-ranga a Keke Napep, ƙafa ta ruɓe, ƙoda ta tsaya, sannan aka yi masa allurar ba da shawararsa ba. Allura ta zo ta tarar an gama ɓarna, kuma ita aka ɗora wa laifi. Ajali yana hannun Allah, babu mai ja da wannan, amma in sababi ake nema, jinkirin nan ne sababi.

Bari in faɗa maka yadda ciwon yake, domin wanda bai san abin da ke damunsa ba kowa ma sai ya yi wasa da hankalinsa. A bayan tumbinka akwai wata doguwar tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke samar da insulin, shi kuma shi ke kwashe sukarin da abinci ya zama daga cikin jini, ya shigar da shi tsoka da hanta inda zai yi amfani. Ka ga ke nan insulin ba baƙo ba ne a jikinka. Da shi aka haife ka, da shi ka karya kumallo yau da safe. A ciwon suga irin na manya, wanda ya kai kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, abu biyu ne ke haɗuwa: jiki ya daina jin insulin sosai, sai an zuba masa da yawa, ita kuma fankiriyas ta yi ta ninka aiki shekara da shekaru har ta gaji. Babban binciken da aka yi a Birtaniya daga 1977 zuwa 1997, wanda ya bi mutum sama da 5,000, ya nuna cewa ranar da aka gano ciwon a jikin mutum, kusan rabin ƙarfin ƙwayoyin da ke yin insulin ya riga ya tafi, ragowar kuma yana ci gaba da raguwa sannu a hankali. Bayan shekara uku, magani ɗaya ya daina isar rabin majinyatan. Bayan shekara tara, kusan uku cikin huɗu ne ba ya isar su.

Ka ɗauki jakin da ya tsufa yana dakon yashi daga bakin kogi. Ƙwayar metformin, wadda ita ake fara bayarwa, rage masa kaya take yi: tana hana hanta zuba sukari da yawa, tana sa jiki ya fi jin insulin. Ƙwayoyi irin su glibenclamide, wadda mutanenmu suka fi sani da Daonil, bulala ce, tana zaburar da shi ya ƙara himma. To akwai ranar da jakin zai durƙushe, komai bulala ba zai tashi ba, kayan kuma suna nan a ƙasa. Mai hankali sai ya nemo wani jakin ya kama masa. Allurar insulin ita ce jaki na biyu.

Saboda haka in likita ya ce lokacin allura ya yi, kada ka ɗauka horo ne aka yi maka don ka ci tuwo da yawa. Akwai waɗanda suka kiyaye baki iya kiyayewa, duk da haka lokacin ya zo musu, domin haka ciwon yake tafiya. A nan ina da ƙorafi a kan wasu ma'aikatan lafiya masu tsorata majinyaci da cewa, "In ba ka kiyaye ba zan sa maka allura." Wannan kuskure ne babba. Ka mayar da magani abin tsoro shekara biyar, sannan ranar da ake buƙatarsa ka yi mamakin mutum ya tsere? Ba kuma kowace allura ce ta dindindin ba. Mace mai juna biyu, da wanda za a yi wa tiyata, da wanda gyambo ko zazzaɓi mai tsanani ya hargitsa masa suga, da wanda aka gano ciwonsa suga ya riga ya yi sama ƙwarai, sau da yawa akan yi musu allura na wani lokaci, in abu ya lafa a mayar da su kan ƙwaya. Wanda kuma tasa ta zama ta kullum, ai ƙwayar ma kullum yake sha.

Wasu abin da ke damunsu daban ne, sun ji an ce daga jikin alade ake samo ta. A da can haka ne. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, wanda ya kusa mutuwa, ya farfaɗo ya ƙara shekara 13 a duniya. Shekaru da dama daga shanu da aladu ake tatso shi. Amma tun 1982 aka fara haɗa insulin irin na jikin ɗan Adam a masana'anta, ta hanyar wasu ƙananan halittu da yis, kuma irinsa ne su Mixtard da Actrapid da Humulin da kake gani a kantunan magani na Kaduna. Wannan uzurin ya faɗi.

Ciwon nan ya yi yawa a cikinmu fiye da yadda muke zato. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan Najeriya, suka ƙiyasta cewa kashi 5.77 cikin 100 na 'yan ƙasa suna da shi, wato mutum miliyan 11 da 'yan kai. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya kuma ta ce a 2021 fiye da rabin masu shi a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Abin da ya sa yake cin mutane ke nan, ba ya ihu. Kana iya yawo da suga mai yawa kana jin garau, yana can yana cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na tafin ƙafa. "Ni ina jin jikina" ba awo ba ne.

Awo shi ne lamba, kuma ina so ka haddace 'yan lambobin nan kamar lambar wayarka. Na'urorin awon suga iri biyu ne a kasuwa, wata tana ba da ƙananan lambobi, wata manya. In ka ninka ƙaramar sau 18 za ka sami babbar. Kafin karin kumallo, 7 ko 126 zuwa sama shi ne iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon. Mai shan magani, yawanci ana so ya tashi da safe tsakanin 4.4 da 7.2, wato 80 zuwa 130. Sai kuma gwajin da za ka ga an rubuta HbA1c a takardar asibiti, wanda ke tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Wannan ba a yi masa wayo. Na san masu ƙaurace wa abinci kwana biyu kafin ranar ganin likita don lamba ta yi kyau, kuma kansu suke cuta. Ga yawancin manya ana son HbA1c ya tsaya ƙasa da 7. In ya haura 10, ko kana ramewa, kana kwana fitsari, ƙishirwa ba ta barinka duk da kana shan ƙwayoyi biyu ko uku, to maganar allura ta zo. Binciken nan na Birtaniya ya nuna duk maki ɗaya da aka sauke a wannan gwaji yana rage haɗarin lalacewar ido da ƙoda da jijiya da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Akwai wani dattijo da na sani, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, cikin dubban da suka koma gida lokacin da masaƙun suka yi ta rufewa bayan shekara ta 2000. Ya koma gadi a wani kamfani wajen Kudenda. Likita ya yi masa maganar allura, ya ce shi da ya ga yadda yayansa ya ƙare ba zai yarda ba. Ya rame har wandonsa sai da igiya. Dare ɗaya sai ya fita fitsari ba adadi, tururuwa na bin wurin. Abin da ya karya masa taurin kai shi ne ranar da ya ɗaga carbinsa ya rufe ido ɗaya, ya ga ɗaya idon ba ya rarrabe 'ya'yan carbin. 'Yarsa ce ta raka shi asibiti, ita ta fara koyon allurar. Cikin 'yan watanni jiki ya dawo, yana barci har asuba, yana taka ƙafarsa zuwa masallacin Juma'a. Idon nan kuwa bai dawo ba har yau. In ya ga wani yana gardamar allura, ba ya doguwar magana, sai ya nuna masa idon.

Yanzu bari in nuna maka yadda ake yi, domin rabin tsoron rashin gani ne. Mutum yana jin an ce allura sai ya tuno wadda aka tsira masa a ɗuwawu yana yaro, ya yi kwana uku yana ɗingishi. Ta insulin tsininta siriri ne ƙwarai, gajere, na alƙalamin allura ma yawanci bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba, kuma ƙarƙashin fata take tsayawa, ba ta kai tsoka. Da yawa suna cewa hudar yatsa ta awo ta fi ta zafi. Ka wanke hannu. In insulin ɗinka mai fari-fari ne kamar tsinkakken nono, ka murza kwalbar a hankali tsakanin tafukanka har ya haɗu, kada ka jijjiga. Ka ja adadin da likita ya rubuta, ka ɗaga sirinjin sama ka ƙyasta shi da farce kumfar iska ta fita. Ka tattaro fatar ciki da yatsu biyu, nesa da cibiya kamar faɗin yatsu biyu ko uku, ko fatar cinya, ka soka, ka danna a hankali, ka ƙirga goma kafin ka zare. Gobe ka matsa gefe. Wanda ke soka wuri ɗaya kullum fatar wurin takan yi dunƙule, maganin ya daina shiga jini yadda ya kamata, ya zauna yana cewa allura ba ta aiki.

Ga wani abu da nake roƙonka kada ka manta. Ka duba jikin kwalba, ka duba jikin sirinji. Akwai mai lamba 100, akwai mai lamba 40, dole lambar kwalba da ta sirinji su zama ɗaya. In ka ja insulin mai 100 da sirinji mai 40, ka yi wa kanka ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta maka, wannan kuwa yana iya kai mutum lahira. Kada ka bari yaron kemis ya ce maka duk ɗaya ne. Sirinjin da ka gama da shi kuma ka jefa a roba mai kauri mai murfi, kada ka watsar a bola inda yara da 'yan bola-jari ke tona da hannu.

Na san abin da za ka ce: ina wutar da za a ajiye ta a firji? Tambaya ce mai kyau, duk wanda ke zaune a tsallaken kogin Kaduna ya san halin wutarmu. Kwalbar da ba a buɗe ba ita ke son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, kuma kada ta kusanci wajen ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya mutu. Wadda kake amfani da ita kuwa tana iya yin mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi cikin ɗaki. A 2021 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Janeba sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗun. Mu kuma muna da dabararmu ta gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Don tumatir da alayyafo ya yi ta, amma sanyin da ke raya alayyafo yana raya insulin. Ka sa kwalbar a 'yar roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, ka ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka riƙa jiƙa yashin. Abin da za ka kiyaye shi ne barin ta a taga, ko cikin mota, ko aljihun gaban Keke a zafin Maris da Afrilu. In insulin mai garai-garai ya yi duhu, ko mai fari-fari ya yi gudaji, ka yar.

Ba zan ɓoye maka ba, allura tana da haɗarinta, shi ne faɗuwar suga. Yana faruwa ne in an yi allura ba a ci abinci ba, ko an yi aikin ƙarfi fiye da kullum, ko an zarce adadi. Ƙwayar Daonil ma tana yin haka, musamman ga tsofaffi. Alamunsa rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ganin dishi-dishi, wani ma sai ya riƙa faɗa ko sambatu, a ɗauka iska ce ta taɓa shi a tafi neman mai ruƙiyya. In awo ya nuna ƙasa da 3.9, wato 70, ko babu na'ura amma alamun sun bayyana, a ba shi ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba, a jira minti 15, in bai dawo ba a ƙara, in ya dawo ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a garzaya asibiti mafi kusa, a faɗa musu mai suga ne yana kan allura. Kada ka fita gida babu alewa ko ƙwayar sukari a aljihu. In kai direba ne ko mai Keke, ka auna kafin ka kama hanya, domin ba ranka kaɗai ka ɗauko ba. Kuma ka faɗa wa abokan zamanka halin da kake ciki. Ciwon suga ba abin kunya ba ne, ɓoye shi kuwa yana hana a cece ka.

Allura ba ta ɗauke maka kiyaye baki ba. A nan ma akwai ruɗu. An ce acca ce abincin mai suga, sai mutum ya tuƙa malmala uku ya cinye da zuciya ɗaya. An ce garin alkama, sai ya yi haka. Acca abinci ne mai kyau, 'yan uwanmu na kudancin jihar nan sun san darajarta tun kaka da kakanni, amma hatsi ce, kuma duk hatsi sukari yake zama a ciki. Yawan da ka ci shi ne magana. Tuwo ko shinkafa ko doya kada su wuce girman dunƙulen hannunka, miyar ganye ta fi tuwon yawa, ka riƙi zogale da rama da kuɓewa da yalo da kabeji, ka riƙi wake da kifi da ƙwai. Fate mai ganye da yawa ya fi maka farar shinkafa. Abin da nake so ka rabu da shi kwata-kwata shi ne sukarin da ake sha. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali 12. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya, da zoɓo da kunun aya na sayarwa, da shayin mai shayi mai madarar gwangwani, duk layi ɗaya suke. Zuma tana da albarkarta, amma tana ɗaga suga. Ka kuma yi tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako, cikin layukan unguwa bayan asuba ko la'asar sakaliya, ba a gefen babban titin Nnamdi Azikiwe ba inda tireloli ke tsere.

Ƙafarka kuwa, ɗana, ka kula da ita fiye da fuskarka. Suga yana kashe jijiyar ji, mutum ya taka ƙusa ya wuni da ita bai sani ba. Kowane dare ka zauna a haske ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ba ka iya sunkuyawa jikanka ya duba maka. In ka yi alwala ka tsane tsakanin yatsun. Da hunturu kada ka auna ruwan zafi da ƙafa, ka auna da gwiwar hannu, kada kuma ka miƙa ƙafa gaban kaskon wuta. Ka shafa man kaɗanya a dunduniya kafin faso ya buɗe. Ka zazzage takalmi kafin ka sa, kada ka yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kada ka miƙa ƙafarka ga masu yawon yankan farce da aska. Ƙaramin ƙurji in ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, asibiti za ka, ba a barbaɗa masa garin kafso ko toka. Sau ɗaya a shekara a duba maka bayan ido; Allah ya hore mana Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a nan Kaduna, mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, kai kuɗin mota kawai za ka biya ka isa. Sau ɗaya a shekara a gwada fitsari da jini don ƙoda. Hawan jini kuma abokin tafiyar suga ne, in sun haɗu su ke kawo shanyewar ɓarin jiki, don haka kada ka riƙe ɗaya ka saki ɗaya. Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa, raunin da ke shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Shi ma aikin suga ne a jijiya. Ka faɗa wa likita, ya ji irinsa ba adadi, ya fi maka jarkar mai magani a tasha.

Tunda na ambaci masu magani, bari in faɗi ra'ayina. Ban raina shuwaka da garafuni da hulba ba, kakanninmu ba wawaye ba ne. Amma duk wanda ya ɗaura lasifika a mota ya ce zai raba ka da suga har abada cikin mako biyu, kuɗinka yake so. Ɗacin abu ba ya nufin yana kashe zaƙin jini. A ƙasashe da dama an sha kama magungunan da ake sayarwa da sunan na gargajiya an cusa musu garin glibenclamide a ɓoye, mai sha ya haɗa da nasa na asibiti suga ya faɗi warwas. In akwai abin da kake sha, ka kai wa likita ya gani.

Maganar azumi tana zuwa kowace shekara. Malamai da likitoci sun zauna a kanta: Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta yi zama a Sharja a 2009 ta fitar da matsaya a kan mai ciwon suga da azumi, inda ta rarraba majinyata gwargwadon haɗarin da ke kansu, ta kuma ce akwai waɗanda bai kamata su yi ba. Hudar yatsa don awo ba ta karya azumi. Ka je wa likita tun a Rajab ko Sha'aban a gyara maka adadi da lokaci, kada ka gyara da kanka. In kana azumi awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ka sha ruwa nan take, ko saura minti goma a kira magariba. Wanda ya halicce ka shi ya yi wa marar lafiya rangwame, karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne. Maƙwabtanmu Kirista masu azumi kafin Ista ko na farkon shekara, wannan gargaɗin ya haɗa da su.

Saura kuɗi, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi suka sanar da janye harkarsu ta kai tsaye daga Najeriya, magani ya yi tsadar da talaka bai taɓa gani ba. Na san akwai masu raba allurar kwana ɗaya ta yi musu kwana biyu. Ba zan zage su ba, amma ina roƙonsu su faɗa wa likita gaskiya. Insulin na kwalba da sirinji ya fi na alƙalami araha nesa ba kusa ba, kuma yana aiki. Likita zai iya tsara maka abin da aljihunka zai ɗauka in ya san halinka. Ka je ofishin KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kaduna, ka tambayi abin da tsarinsu ya ƙunsa da yadda ake shiga. Ka riƙe asibiti ɗaya da kati ɗaya, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Barau Dikko, domin likitan da ke ganin tarihinka a fayil ya fi goma da ke ganinka yau kaɗai. Gwamnati kuma, da ta sa harajin Naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a 2022, adalci shi ne kuɗin nan ya koma kan sauƙaƙa insulin da kayan awo. Masu binciken Toronto dala ɗaya-ɗaya suka karɓa suka miƙa wa jami'a haƙƙin maganin don ya isa ga kowa. Abin takaici ne bayan shekara ɗari mai gadi a Kudenda yana zaɓa tsakanin allura da abincin yara.

Kada kuma ka ɗauka rayuwa ta ƙare. Cif Olusegun Obasanjo, wanda aka haifa a 1937, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya haura shekara 35 yana tare da ciwon suga, kuma abin da yake jaddadawa kullum shi ne kiyaye abinci, motsa jiki, hutu da bin maganar likita. Za ka ce ai shi mai hali ne. Haka ne, amma tafiyar ƙafa da rage malmala da duba tafin ƙafa ba su buƙatar hali.

Ke kuma 'yata, da kai ɗana, da Allah ya ba ku iyaye masu wannan ciwo, sauran maganar taku ce. Idon tsoho ba ya ganin ƙananan layukan jikin sirinji, kunyarku kuma ba za ta bar shi ya faɗa ba. Ranar asibiti mai zuwa ku bar abin da kuke yi ku raka shi. Ku shiga ɗakin likita tare, ku nemi a yi masa gwajin HbA1c, ku tambayi lambar ku rubuta a littafi. In an ce allura, ku ce a koya muku a nan take, ku yi ta farko a gaban nas kafin ku baro asibitin.